Ina Giwan Ruwa Ya Shiga? Yadda Ake Ƙidayar Kifi Da Kare Shi A Tafkin Kainji

Duk uwargidan da ta saba sayen busasshen kifi ta san ƙananan kifayen nan da ake aunawa da gwangwani ko kwano. Ga arha, ga ɗanɗano a miyar kuka ko ta kuɓewa. Amma in aka baza su a faifai aka duba da kyau, sau da yawa za a tarar ba iri ɗaya ba ne. Akwai siraran nan masu sheƙi kamar azurfa, waɗanda masuntan Yawuri ke kira warangi. Su iyakar girmansu ke nan, ko sun tsufa ba sa wuce tsawon yatsa. A cikinsu kuma akan tsinci wasu masu faɗin jiki ko ƙaya a baya. Waɗannan 'ya'yan karfasa ne, ko na faliya, wani lokaci ma na giwan ruwa, kifin da in ya samu rai yakan fi ƙaton namiji nauyi.

Kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan nan an kama shi ne tun bai kai ga yin ƙwai ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manyan kifayen da iyayenmu suka sani suke ƙara wuya a kasuwa, kuɗinsu kuma yake neman fin ƙarfin talaka. Alƙaluman da gwamnatin Najeriya ta sha bayarwa sun nuna ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai kai rabin haka ba. Da kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ake cike wani ɓangare na giɓin. Ga gidaje da yawa a Arewa, kifin kogi shi ne naman da yara suka fi samu, don haka raguwarsa tana shafar tukunyar kowa, har da wanda bai taɓa shiga kwalekwale ba.

Akwai wuri ɗaya a ƙasar nan da aka daɗe ana auna wannan raguwa da sikeli da alƙalami, aka kuma gwada maganinta. Wurin shi ne tafkin Kainji.

Tafkin da ya haɗiye gari

An tare kogin Kwara, wanda ake kira kogin Neja, da madatsar Kainji a shekarar 1968 domin samar da wutar lantarki. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, tsakanin jihohin Neja da Kebbi na yau, daga New Bussa a kudu har zuwa wajajen Yawuri a arewa. Tsohon garin Bussa ya nutse, tsibirin Foge ma haka, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Sarkawa da Gungawa da sauran mutanen bakin ruwa, waɗanda suka gaji su a ruwa mai gudu, sai suka wayi gari a gaban ruwa mai faɗi kamar teku.

Tun a shekarar da aka rufe madatsar aka kafa aikin bincike a New Bussa don a ga abin da zai faru da tafkin. Wannan aiki ne ya girma ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIFFR. Masu binciken sun lissafa nau'in kifi kusan 100 a tafkin, daga cikin fiye da 200 da ake da su a koguna da tafkunan Najeriya. Mai karatu zai san da yawa da sunansu: giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, ramboshi, ragon ruwa, ƙurungu, tsage, yauni, bargi, faliya, gaiwa, da minjirya mai jan mutum kamar lantarki.

Shekarun farko shekarun wadata ne. Ciyayi da gonakin da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa. A farkon shekarun 1970 abin da ake kamawa ya kai kimanin tan 28,000 a shekara. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Faɗuwa bayan bunƙasar farko abu ne da aka saba gani a sababbin tafkuna, amma girman ta Kainji ya nuna cewa tafki, komai faɗinsa, yana da iyakar abin da zai iya bayarwa.

Kifi ma yana da lokacin haihuwa

Kafin a fahimci dokokin su, sai an san yadda kifi ke rayuwa. Yawancin kifayenmu da damina suke ƙwai. Da ruwa ya fara cika ya malala cikin fadama, sai su bi shi su shiga cikin ciyawa, musamman burugu, su zuba ƙwai a inda ruwa ba shi da zurfi, ga ɗumi, ga abinci, ga maɓoya. 'Ya'yan sukan yi watanni a can suna girma, sai ruwa ya fara janyewa su komo kogi.

Kowane iri da dabararsa. Uwar karfasa takan ɗauki ƙwanta a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma a kwanakin nan ba ta cin abinci. Wanda ya kama ta a lokacin ya kama ɗaruruwa a cikin ɗaya. Bargi yakan share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa mai faɗi kamar tire, ya tsare ta. Yauni yana gina tasa sheƙar tana yawo a saman ruwa, kuma yakan kai wa duk abin da ya matso cizo. Gaiwa kuwa, in ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta naɗe kanta, ta kwana rani tana shaƙar iska har damina ta dawo. Giwan ruwa yakan ɗauki shekaru kafin ya isa haihuwa, shi ya sa in an rage manyansa ba ya saurin farfaɗowa kamar karfasa.

Kainji yana da wata baiwa: sau biyu ruwa ke shigo masa a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, na daminar nan kusa, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, ya biyo ta Yamai da Gaya, ya iso tsakiyar hunturu garai-garai. Rayuwar kifin tafkin tana ɗaure da hawa da saukar waɗannan ruwaye biyu. Duk abin da ya taɓa su a sama, ko madatsa ko fari, sai an ji shi a ragar masuncin Yawuri.

Yaya ake ƙidaya abin da ba a gani?

Makiyayi yana iya tsayawa a bakin garke ya ƙirga shanunsa. Kifi ba ya ƙirguwa haka, sai dai a bi ta bayan gida. Hanyoyin da ake bi ba su da wuyar fahimta.

Ta farko ita ce ƙidayar masu su da kayansu. Ma'aikata kan zagaya tafkin ƙauye-ƙauye, tunga-tunga, su rubuta yawan masunta da yaransu, da jiragen ruwa, da injuna, da irin kayan kamun: raga ta kafawa, birgi na jefawa, mamari mai jerin ƙugiyoyi, gura, da dala. Wannan ke nuna yawan hannuwan da ke cikin kwano.

Ta biyu ita ce aunawa a bakin ruwa. Akan zaɓi wasu wuraren da jirage ke sauka, a je a wasu ranaku na kowane wata, a ware kifin kowane jirgi iri-iri, a ɗora a sikeli, a tambayi mai shi da wane kaya ya kama, kuma tsawon wane lokaci. Daga nan ake fitar da ma'aunin da ya fi kowane muhimmanci, wato abin da jirgi ɗaya ke kamawa a fita ɗaya. Jimillar kifin da ke zuwa kasuwa tana iya ƙaruwa alhali tafkin yana ƙarewa, in masunta sun ninka. Amma in jirgin da ke dawowa da kwando biyu ya koma dawowa da rabin kwando, da raga iri ɗaya a wuri ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza.

Ta uku ita ce ragar gwaji. Masu bincike kan kafa jerin ragogi masu ido daban-daban, daga ƙarami zuwa babba, a wurare sanannu, su maimaita shekara bayan shekara. Sukan auna tsawon kowane kifi, su feɗe wasu su duba ko suna da ƙwai, su buɗe tumbi su ga abin da suka ci. Akan iya gane shekarun kifi ta zoben da ke jikin ɓawonsa ko ƙashinsa, kamar yadda ake gane shekarun itace a kututture. Da haka ake sanin tsawon da kowane iri ke kaiwa kafin ya fara haihuwa, kuma a kan wannan tsawo ake yanke girman idon ragar da ya halatta.

A wasu ƙasashe yanzu an ƙara wata hanya. Akan ɗebi ruwa a kwalba a tace shi, a binciki burbushin ƙwayoyin halitta da kifi ke bari a ruwa ta majina da ɓawo da kashi, a gane irin kifayen da ke wurin ba tare da an kama ko ɗaya ba. Hanya ce mai amfani wajen gano irin da ya yi ƙaranci, sai dai ba ta faɗin girman kifi ko shekarunsa, don haka ba ta raba mu da sikeli da ma'auni a bakin ruwa ba.

Akwai kuma ma'ajiyar da ba ta cikin kwamfuta, wato ƙwaƙwalwar tsofaffin masunta. Su ne suka san gurbin da yauni ke sheƙa, da watan da faliya ke hawa, da irin da aka daina gani. Binciken da ya tsallake su ya bar rabin littafinsa a rufe.

Rigimar dala

A shekarar 1993 aka fara wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus don gyara harkar su a Kainji. Shi ne ya tsaya kan ƙidayar shekara-shekara da aunawar wata-wata, a ƙauyukan masunta kusan 300 da ke kewaye da tafkin. A 1996 lissafi ya nuna an kama kimanin tan 38,000. A ido abin murna ne. Da aka tsefe alƙaluman sai aka ga kaso mai yawa na wannan nauyi warangi ne, kuma da dala ake kamo shi.

Dala doguwar raga ce mai ƙananan idanu ƙwarai, wadda ake kewaya ruwa da ita a jirgi sannan a jawo ta zuwa gaɓa. Ba ta zaɓe. Gaɓar da ake jan ta kuwa ita ce ɗakin renon 'ya'yan kifi, don haka tare da warangi take kwaso 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa, ta kuma share sheƙunan da ke ƙasa. Masu ragar kafawa da masu mamari, waɗanda su ne mafi yawa, su ke biyan bashin a shekaru masu zuwa. Warangin kansa abincin tsage ne da giwan ruwa da wasu manyan kifaye, saboda haka kwashe shi fiye da kima yunwa ce gare su.

A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin su, aka haramta dala, aka ƙayyade idon raga, aka kuma shigo da lasisin kamun kifi. Dama tun 1992 akwai dokar tarayya kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76, wato inci 3, a matsayin mafi ƙanƙantar idon ragar kamun manyan kifaye. Abin da ya bambanta Kainji shi ne ba a bar dokar a takarda ba. An jawo masarautun yankin da sarakunan ruwa da wakilan masunta cikin aikin, domin masunci yana iya ɓuya wa ma'aikacin gwamnati da ke zuwa sau ɗaya a wata, amma ba ya ɓuya wa Sarkin Ruwan da suke sallah a masallaci ɗaya.

A 1999 jimillar abin da aka kama ta sauko zuwa kimanin tan 16,000. Wanda ya kalli lambar kawai zai ce hanin ya jawo asara. Gaskiyar ita ce wani ɓangare na raguwar warangin da aka daina ja ne, wani ɓangaren kuma raguwar da dama ta kama hanya. Shi ya sa ake son lissafin ya zama iri-iri, kaya-kaya, kuma a ci gaba da shi shekaru masu yawa kafin a yanke hukunci.

Ba a kuma ce masu dala ba su da hujja ba. Mutum ya zuba jarinsa a raga da jirgi da inji, yana ciyar da ma'aikata, mata suna shanya warangi suna sayarwa suna rufa wa kansu asiri. In an ce ya bari, dole a nuna masa abin da zai kama. Bayan aikin haɗin gwiwar ya ƙare, kuɗin sintiri da na ƙidaya suka ja baya, kuma har yau ba a rabu da dala a tafkin ba.

Darasin Matan Fada

Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gulbin da ya ratsa Argungu yana gangarowa ne ya faɗa Kwara a sama da Yawuri, kuma a can Kabawa sun daɗe da tsarin da masana ke yabawa yau. Gurbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, a rufe yake sauran kwanakin shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Ranar da aka buɗe ma, da homa da gora kaɗai ake shiga, kuma na ɗan lokaci. Bikin a yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a Argungu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Irin wannan kifi ba ya samuwa sai a ruwan da aka ƙyale.

Amma Matan Fada ma ya nuna cewa hani kaɗai bai isa ba in ruwan kansa ya ragu. Madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan gulbin Rima sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun da ke ƙasa, kuma binciken da aka yi bayan gina Bakolori ya nuna kifi ya ragu a ƙauyukan da ke gangare. Fadamar da ruwa bai hau ba, kifi ba ya ƙwai a cikinta. Saboda haka masana ke kira da a riƙa sakin ruwa daga madatsu a lokacin da ya dace da haihuwar kifi, a kuma bar wasu gaɓoɓi da ciyawarsu ba tare da an nome su har bakin ruwa ba.

Guba da gidan sauro

Abubuwa biyu sun fi shafar gida kai tsaye. Na farko zuba guba a ruwa. Da can da ganyen magimfa ake yi a ƙananan kududdufai, daga baya aka koma magungunan ƙwari irin su Gammalin, waɗanda ke kashe babba da yaro da ƙwai da ƙwarin da kifi ke ci, sannan su bi kifin har cikin tukunya. Ruwan nan kuma shi mutane da dabbobi ke sha a gangare. Na biyu mayar da gidan sauro ragar kamun kifi. Idonsa bai bar komai ya wuce ba, yana ɗauke da maganin sauro da ke cutar da halittun ruwa, yaron da aka raba gidan sauron dominsa kuma ya kwana a buɗe.

Wani zai ce ai ga kiwon kifi ya yawaita, me za a damu da na kogi? Kiwon kifi alheri ne, yana rage wa kogi nauyi. Sai dai kusan duk abin da ake kiwo a tankuna da kududdufan ƙasar nan tarwaɗa ce da danginta, sai karfasa kaɗan. Ba a saba samun giwan ruwa ko tsage ko ƙurungu ko faliya a gonar kifi ba. Ita kanta tarwaɗar kiwo, in irinta ya gaji, wurin ta kogi ake komawa neman sabon jini.

Rabon da ya hau kan gida

Mai saye yana da ƙarfin da bai sani ba, domin abin da kasuwa ta ƙi, masunci ba ya wahalar kamo shi. Uwargida tana iya koyon bambanta warangi da 'ya'yan manyan kifaye: warangi siriri ne, mai laushin ƙashi, da layin azurfa a gefe, ɗan karfasa kuwa faffaɗa ne da ƙayoyi a gadon baya. In kwanon ya cika da na biyun, a faɗa wa mai sayarwa dalilin da ya sa aka bari. Karfasar da ba ta kai tafin hannun babba ba, a ƙyale ta. Ɗanyen kifin da aka tara da yawa, manya da ƙanana iri-iri, babu alamar raga ko ƙugiya a jikinsu, ga saurin lalacewa ko warin magani, a yi hattara da shi. Busasshen kifin da ƙuda ba ya sauka a kansa ma abin tambaya ne.

Maigidan da ke zaune a garin bakin ruwa yana da bakin magana a gaban mai unguwa da Sarkin Ruwa: a ware gurbi ɗaya da ba a taɓawa, a huta da jan raga a fadama lokacin da kifi ke ƙwai, a kai rahoton mai zuba guba ko da ɗan uwa ne. Malaman makaranta kuma suna iya sa ɗalibai aikin da ba ya cin ko sisi. Su je wurin kakanninsu su rubuto sunayen kifayen da aka sani a gulbin garin, sannan su je kasuwa ranar da take ci su yi alama a kan waɗanda suka gani. Sunayen da suka rage babu alama, su ne za a fara kai wa Sarkin Ruwa da ofishin kula da kifi na jiha. In aka maimaita haka kowace shekara a wata ɗaya, aka adana littafin a makaranta, garin ya samu tasa ƙidayar.